Ba Birki Aka Raɗa Masa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana Muniru Yusif a gidanmu na gado da ke Zangon Kumasi, bayan gajeriyar jinyar ciwon ƙirji. Muka kai shi makwancinsa bayan la'asar.

Yaya Muniru, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin halinka, na kasa. Raina a ɓace yake. Ko gama yi maka wanka ba mu yi ba, sai ga murya daga lasifikar masallacin unguwa: “Ana sanar da jama'a, Muniru Birki ya rasu.” Birki! A ɗakin Allah, a kan gawarka. Da na je na tari mai sanarwar, wai shi ya faɗa ne don mutane su gane ko wane Muniru ne.

Bari in gaya wa wanda bai sani ba inda sunan ya samo asali. Shekaru sama da goma da suka wuce, yayana direban trotro ne, wato motar haya, yana jigilar fasinja tsakanin Asokore Mampong da cikin gari. Wata safiya ya ji birkin motar ya yi laushi, ya ce bari ya yi sawu ɗaya sannan ya kai gareji. A wani gangare na Ashanti New Town birkin ya ƙwace, motar ta bi ta kan Abukari, ɗan Hadija mai koko, yana hanyar makaranta. Yaron bai shura ba. Yayana bai gudu ba, shi ya sungumi yaron da hannunsa, ya faɗa wa hukuma gaskiya, ya yi zaman da aka yanke masa. Da ya fito bai sake riƙe sitiyari ba.

Hukuma ta gama da kai, Zango ba ta gama ba. Seini tela ne ya fara kiranka Birki a majalisar shayi, aka yi dariya, shi ke nan suna ya bi ka. Yara su hango ka su yi ta ihu, “Birki! Birki!” iyayensu na zaune suna ji, ba mai tsawatarwa. In ka shiga sahu sai na kusa da kai ya ɗan matsa, kamar mai gudun kuturu.

Kuma duk da haka, wa ke tsayawa bakin titi kullum safe yana tsallakar da 'ya'yan waɗannan mutane zuwa makaranta? Kai ne. Ba wanda ya sa ka, ba wanda ya ce maka sannu. Wa ke ɗaukar wa Hadija tukunyar koko daga gida zuwa bakin hanya? Farkon zuwanka ta watsa maka ruwan wanke-wanke, ka tsaya har ya tsane, washegari ka dawo. Ana nan ana nan, wata rana ta zuba koko ta miƙo maka, ta ce, “Sha. Na yafe maka duniya da lahira.” Uwar yaro ke nan fa. To ku mutanen Zango, ɗan wa aka kashe muku?

Sai maganar allo. Kullum bayan la'asar yayana yakan zauna a ƙofar ɗakinsa da allonsa na yarinta da tawada, ya yi rubutu da ajami, ya karanta a zuci, ya wanke, ya zuba ruwan a gindin bishiyar lemo da ke tsakar gida. Nan ma ba su bar shi ba. Wai rubutun ɗaurin baki yake yi, da shi ya shanye Hadija har ta yafe. Abin da ya fi mini ciwo ke nan. Matar nan ta yi abin da ya fi ƙarfin yawancinmu, suka ƙwace mata shi suka ba tsubbu.

Na san abin da ke allon, don na tambaye ka, ka nuna mini ba tare da wani ɓoye-ɓoye ba. Ba aya ba ce, ba hatimi ba. Yininka ne kawai kake rubutawa, kamar haka: Na tsallakar da yara lafiya. Na ɗaga wa matata Rafi'atu murya, ban kyauta ba. An kira ni Birki, zuciyata ta tafasa, na yi shiru. Na ce maka, “Yaya, in ka rubuta, me ya sa kake wankewa?” Ka ce, “Abdul-Samed, in na bar shi a ƙirji kwana yake yana girma. In na sa shi a allo sai in ga iyakar tsawonsa. Allah Mai gafara ne, Hadija ta yafe. Ni ne na rage ban yafe wa Muniru ba, shi nake lallashi.”

Lallashin nan shi ne aikin rayuwarka. Sau nawa na ga ka wanke allo fuskarka ta ɗan saki, ka fita sallar magariba, wani ɗan banza ya jefo maka sunan nan, ka dawo kafaɗa a sake, ka kasa cin tuwo? Kai kana wankewa, su suna sake rubutawa.

Da liman ya gama yi maka salla ya juyo ya ce, “Jama'a, ku yafe masa.” Sahu ya ɗauka baki ɗaya: “Mun yafe!” Muryar Seini ta fi ta kowa tashi, kafaɗarsa na gogar tawa. Wallahi saura kaɗan in shaƙe shi a gaban makara. Kalmomi biyu ne kacal, ba a sayen su a kasuwa. Kuka riƙe su shekara da shekaru, sai da aka toshe masa kunne da auduga kuka furta. Kuma me ya yi muku da za ku yafe? Ku ya kamata ku durƙusa gaban makarar nan ku roƙa. Ban yafe muku ba tukuna, kuma ba zan yi ƙarya a takardar mamaci ba.

Ana sauran kwanaki kaɗan ka rasu, ka sa aka kawo maka allon kan gado. Da ka gama ka kira ni, kana murmushi. Ka ce, “Yau na rubuta sunan Abukari, hannuna bai yi rawa ba. Ina ga na kusa yafe wa Muniru.” Daga ranar ba ka sake iya riƙe alƙalami ba. Da an ƙyale ka, da tuni ka isa.

Ina miƙa ta'aziyya ga matarka Rafi'atu, da 'ya'yanka Basma da Fadil. Ku ɗaga kanku, ubanku mutumin kirki ne. Ina yi wa Hadija ta'aziyya, wadda ta riga dangi zuwa ta zauna cikin masu karɓar gaisuwa. Allah Ya ba mu haƙuri. Allah Ya jiƙan Abukari, Ya jiƙan Muniru, Ya yalwata kabarinsu, Ya sa Aljanna ce makomarsu.

Ya Allah, bawanka ya ce ya kusa. Ka ƙarasa da shi.

Ƙaninka,
Abdul-Samed Yusif