Ranar da Aka Zauna a Kaina

A Tudun Wada, wajen 1984, babu yaron da ya kai ni neman faɗa. Abokaina su ne 'yan zuga. Su tara ƙasa kashi biyu, su ce wannan uwata ce, waccan ta wane. Kafin su rufe baki na shure ta wanen.

Wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya koma gyaran keke a layinmu shi ya kashe mana kasuwa. Baba muke ce masa. Bayan la'asar sai ya fara mana labarin wani direban jirgi da birki ya tsinke masa, ga gada a gaba, ga fasinja maƙil. Daidai inda muka daina numfashi sai ya ɗauki sifana.

"Sai gobe. Amma ko mutum ɗaya ya yi faɗa, babu ci gaba."

Kullum sai ya duba wuyan rigunanmu, ko akwai alamar faɗa, kafin ya buɗe baki. Sau biyu na ja mana asara, yara suka daina yi mini magana. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ranar da jirgin zai hau gada, wani yaro daga Sabon Gari ya ture bokitina a famfo, ya ƙara mini da mari. Na yunƙura ke nan, 'yan zugan nan nawa suka kayar da ni, mutum huɗu suka zauna a kaina har yaron ya cika bokitinsa ya tafi.

Na isa wajen Baba ina kukan baƙin ciki, kumatu a kumbure.

"Ka rama?"

"Ba su bar ni ba, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "To zauna nan. Yau kai ne direba. Yaya aka yi?"

Ban ɓata lokaci ba, na sa yaron a jirgin, na ce shi ya kwance birkin. Fasinja suka yi masa dukan tsiya. Na sa akuya ta tunkuye shi, na jefa shi kogi, na tsamo shi aka sake sabon duka. Baba bai hana ni ba, sai "Af! Sai kuma me?" yake cewa, har na gaji don kaina.

Washegari na tarar da yaron a famfo, ɗan siriri da shi, silifas ɗinsa ɗaure da waya. Na tuna irin abin da na yi masa jiya a cikin labari, sai kunya ta kama ni. Na janye bokitina, na ce ya fara ɗiba.