Ranar da Na Hana Yaya Bashir Hanya

Wata Asabar ce cikin hutun ƙarshen shekara, ina ɗan shekara goma sha ɗaya, na yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu tun da kakanninmu suka sauka a tashar Jidda: na hana yayana hanya. A bakin tekun Abhur muke, cikin ƙananan jiragen koyo da ba su fi bahon wanki girma ba, kowa da sandar tuƙi a hannu ɗaya, igiyar shira'i a ɗayan, wato ƙyallen da iska ke turawa. Kaftin Sami mai koyar da mu ya ce ukun farko ne za su je gasa a Yanbu. Biyu sun riga sun yi mana nisa. Gurbi ɗaya ya rage, ni da Yaya Bashir muke nemansa.

Baba ne ke gyaran jirage da fentinsu a kulob ɗin, ta dalilinsa aka bar mu muke koyo. A gidanmu na unguwar Ammariyya kuwa doka ɗaya ce, ƙarami ya matsa. Ni ke bin layin burodin tamis da sassafe, ni ke mirgino tukunyar gas tun daga bakin lungu, ni ke riƙe wa Umma ledoji a kasuwar Bab Makka har hannuna ya kusa taɓa ƙasa. In ana ƙwallo ni ne gola, in ƙwallon ta faɗa gidan maƙwabta ni ake turawa in sha faɗa. Shekara biyu kacal Yaya Bashir ya ba ni, amma yadda yake tafiya ka ce shi ya raɗa mini suna. Sai ga Kaftin da wata doka mai daɗin ji: "Wanda iska ke bugo masa ta dama shi ke da hanya, ɗayan ya kauce." Na tambaye shi har sau uku ko akwai maganar shekaru a ciki. Ya ce babu.

To ran nan iska ta damana take, shi kuma ta hagunsa, muka nufo wuri ɗaya. Ko kallona bai yi ba, ya ɗaga mini haɓa kawai, irin yadda yake yi in yana son in tashi daga gaban talabijin. Wallahi hannuna da kansa ya fara karkata sandar. Na tsawata wa hannun, na miƙe hanyata, na buɗe baki na ce, "Hanyata ce, Yaya!" Ya ce, "Yalla, maza matsa, ɗan ƙwal." Da na ga da gaske ba zai kauce ba sai na karkata, amma hancin jirginsa ya riga ya gogi gefen nawa. Doka ta ce mai laifi ya juya jirginsa sau biyu a wurin, ya wanke kansa. Bai juya ba. Ni kuma na kwarara ihun "Ihtijaj", wato na kai ƙara, da ƙarfin da na tabbata an ji a Bur Sudan, can ƙetaren teku. Ya riga ni isa da tsawon jirgi ɗaya.

Aka zaunar da mu a ofishin Kaftin, ga ƙananan jiragen katako a kan tebur, kowa ya nuna yadda aka yi. Yaya Bashir ya zo da wayo, ya ce ai doka ta ce har mai hanya sai ya guji karo. Na ce na guje, sai dai ba a ce in fara gudu tun kafin ya nuna ba zai kauce ba. Wata yarinya da ke bayanmu a tseren ta ba da shaida. Kaftin ya cire sunan Yaya, ya sa nawa.

A gida Hajiya Kaka ta yi salati ta sanar da Ubangiji, wai jikanta ya kai yayansa gaban alƙali a kan ruwan gishiri. Baba ya bari ta gama, sannan ya ce, "Bashir, da ka shiga ruwan ba ka san dokarsa ba ne?" Kwana huɗu Yaya bai yi mini magana ba. Ran tafiya Yanbu na tarar ya ɗaure mini jirgi a kan mota, ya sake duk ƙullin da na yi, yana cewa, "In ka dawo na ƙarshe, halas, shi ke nan, kar ka ce ka san ni." Na dawo na biyar, amma a lungunmu na ce na biyu.

Yanzu shekarata goma sha bakwai, jirgina ya fi baho. Yaya Bashir ya bar tsere, yana koyon aiki a wani sito kusa da tasha, yakan dawo a gajiye ko musu ba ya iya yi. Waɗanda nake karawa da su sun haddace doka, tun daga nesa suke kaucewa ba sai na ɗaga murya ba. Ana ba ni hanya kullum, amma babu mai daɗin wadda na ƙwata a hannun Yaya.