Bunu Mai Jirgi da Baƙin Bayan Korona

Bunu ya tashi a bakin ruwa, gefen Kirikasamma, kuma tun yana saurayi tuƙin kwale-kwale ne sana'arsa. Mutum ne mai surutu, amma a da baƙinsa Turawa ne masu kallon tsuntsaye, waɗanda ko tari ya yi sai sun harare shi. Matarsa Kulu takan ce nan kaɗai bakinsa ke hutawa.

Da korona ta zo, Turawa suka ɗauke ƙafa. Bunu ya koma kamun kifi, yana yi wa tarwaɗa hira.

Bayan an buɗe hanya sai ga wasu irin baƙi: 'yan gida, daga Kano da Dutse, masu gudun cunkoso. Kowa da motarsa da iyalinsa da kulolin abinci. Tsuntsu bai dame su ba, hoton kansu suke ɗauka.

Wata Asabar Alhaji Shu'ibu, wani ɗan kasuwa daga Kano, ya zo da matarsa Hajiya Rahmatu da 'ya'yansu. Kafin su shiga, Hajiya ta feshe hannun Bunu da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta feshe har sandar tuƙin.

"Malam, ka ba mu tazara," in ji ta.

"Hajiya, jirgin ke nan gaba ɗayansa."

Ba ta saurare shi ba. Ta tattara iyalinta da kuloli can ƙarshen jirgin. Suna barin gaɓa, gefen Bunu ya ɗaga sama, nasu ya nutse, jirgin ya kife da su. Alhaji ya rungume kular shinkafa yana salati, yana kiran a cece shi.

"Alhaji, miƙe tsaye!" Bunu ya daka masa tsawa.

Ya miƙe. Ruwan iya gwiwa.

Ashe babbar 'yarsu Aziza, wadda tsoro ya hana ta shiga, tana bakin gaɓa tana ɗaukar komai a waya. Kafin sati, bidiyon ya zagaye Kano.

Yanzu duk ƙarshen mako motoci na layi, ana tambayar jirgin da ke kifewa. Bunu ya rantse ba zai kifar da kowa da gangan ba. Amma in sun kai inda ruwa bai da zurfi, yakan ɗan girgiza jirgin, mata su yi ihu, maza su riƙe hula, kowa ya koma gida da labari.