Muryar Saude a Cikin Fim Ɗinmu

Jama'a, wallahi tallahi abin nan ni ya faru da ni, shekarun baya lokacin ina zaune a Gwarzo ina riƙe wa 'yan fim na'urar ɗaukar sauti. Wani darakta ya kwashe mu zuwa wani kangon gida a Durun, za mu yi fim ɗin ban tsoro irin na talaka, kyamara ɗaya, zoɓo ne jininmu, labarin wani mutum da ya saki matarsa ta mutu ta dawo fatalwa.

A lokacin ni ma gidana ba daɗi. 'Yarmu Ummi ta rasu, ni da matata Saude kuwa sai gaisuwa, don da na shigo na ga idonta sai na nemi hanyar fita.

Ran Laraba bayan azahar, rana tsaka fa, aka zo wajen da matar za ta roƙi mijin kada ya sake ta. Na ɗaga gorar da muka ɗaura wa makirfo, abin sauraro a kunnena, jarumar ta buɗe baki, sai na ji muryar Saude, innalillahi, har da ɗan tarin da take yi kafin magana: "Wata takwas ba ka ambaci sunan Ummi ba. Ni kaɗai na haife ta ne?"

Gorar ta suɓuce mini. Darakta ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce me yarinyar nan ta faɗa? Ya ce, "Abin da aka rubuta mana, 'ka yi mini rai, Alhaji.'" Aka mayar da sautin kowa ya saurara, haka ne. Na karɓa na saka, Saude dai na sake ji.

Maimakon na tafi gida, sai tsoro ya sa na zauna har muka gama, kwana uku. Ina isa na tarar da kwaɗo a ƙofa, ta tafi Gammo wajen yayanta.

Na je biko. Ta fito zaure ta zauna nesa da ni, ta ce, "Baban Ummi, na gaji. Ran Laraba na idar da azahar, na kalli bango na faɗa masa abin da na kasa faɗa maka, na jira ko za ka dawo." Na ce me kika ce wa bangon? Ta yi tarin nan, ta maimaita, ko kalma ɗaya ba ta canza ba.

Na yi kuka, na kira sunan Ummi ya fi sau goma, amma ina! Ta ce takardarta take so, na rubuta.

Har gobe ban san wa ya kawo maganar kunnena ba, daga Gwarzo har Durun. Don Allah, wanda ya ga matarsa ta yi shiru, ya zauna ya tambaye ta yau ɗin nan, kada ya bari sai gobe.