Igiyata Mai Jan Salatif

"Kin ce kin gama, to ina ƙarar?" Oga ya sake buɗe ƙofar sito ya buga ta kamar zai cire. Fitilar ɗan allon lantarkin da na haɗa wa ƙofar ta kyafta, wato ya ji an taɓa ƙofa. Amma kwamfuta, wadda ya kamata ta karɓi saƙon ta kunna jiniya ta kuma tura saƙon tes wayar oga, ko gezau. Cewa take ma babu abin da aka jona mata.

Lokacin kamfaninmu bai daɗe da tasowa daga Legas ba, kowa na bin kwangilar gwamnati a Abuja. Suka kama wani gida a Dutse Alhaji suka mai da shi ofis. Kujerar mai kula da na'urori ɗaya ce, mu biyu ke nema: ni da aka ɗauka nan na gwaji, da ƙanin matar oga da ya biyo motar kaya. Oga ya ce in ƙararrawar tsaron da na haɗa wa sito ta yi aiki ranar, kujera tawa ce.

Jiya-jiya na gwada, lafiya lau. Na duba ko allon da kwamfuta suna magana da gudu ɗaya, daidai. Na rufe komai na sake kunnawa, na canza ramin da igiya ke shiga a kwamfuta. Zufa har cikin hijabi.

"Injiniya, ko a kira mai gyaran rediyo?" in ji ƙanin madam, ya miƙe ƙafa kan tebur yana cin gyaɗa.

"In na gama zan koya maka kunna fanka," na ce.

A ofishin nan, da an kawo wuta kowa wawason igiyar caji yake, ba tambaya. Shi ya sa na naɗa wa tawa, wadda ke haɗa allon da kwamfuta, jan salatif. Ina ɗaga kai sai ga jan salatif a bakin taga, wayar ƙanin madam na kwance tana shan caji da igiyata. Wadda ya soka min a allo fara ce, irin ta masu talla a go-silo na Zuba, wuta kawai take kaiwa, ba ta ɗaukar saƙo. Dalilin da fitila ke kamawa ke nan, kwamfuta kuma ba ta ganin komai.

Ban nemi izini ba. Na fizge, wayar ta faɗo ƙasa. Na jona, oga ya buɗe ƙofa, jiniya ta tashi har mai shagon maƙwabta ya leƙo. Wayar oga ta yi ƙara a aljihu.

"Oga ka gani? Shi ya canza min."

"Igiya ai igiya ce, ina na sani?" in ji shi yana shafa gilashin waya.

Oga ko tes ɗin bai duba ba. Wai ba ni da ladabi, na jefar da wayar na gaba da ni a gabansa, ba zai iya aiki da mai zafin kai ba. Kujera ta ƙanin madam, ƙararrawa kuma ta kamfani ce, in bar ta.

Na bar musu allon da kwamfutarsu. Igiya daga gida na kawo ta, na naɗe abata na sa a jaka, na mayar wa ƙanin madam da fararsa jikin allon yadda ya jona.

Kafin in kai Tungan Maje oga ya fara kira. Sai tes: "Ƙanwata, abin nan ya daina, zo ki duba." Yau na zama ƙanwa.

Ban ɗaga ba. Don Allah, da ku ne za ku ɗaga?