Buhunan Gwaggo da Na Ƙona

Shekarun baya, ina zaune a Zangon Yendi, aka zo da maganar rage shara da sake sarrafa roba. Tsari ne na gwamnatin ƙasa, amma asambuli, wato ƙaramar hukumarmu, ita ce za ta aiwatar. Aka ce kowace unguwa ta kafa kwamitin tsafta. Lokacin ba ni da aikin yi sai yawan surutu, don haka nan take aka naɗa ni shugaba. Aka ba ni 'yar riga mai ƙyalli, har masallaci da ita nake zuwa.

Ina da gwaggo, yayar mahaifina. Tun da mijinta ya rasu take tsintar ledar ruwan sha, wato piya wata, da robobin lemo. Robobin ta wanke su tas ta sayar wa masu sobolo, wato zoɓo, da masu man gyaɗa. Ledojin kuma ta shanya, ta danna a buhu, ta jera a bayan gidanta, har sai wani mai mota ya zo daga Kumasi ya auna ya saya. Yakan yi wata huɗu bai leƙo ba. Gaskiya kunyar sana'ar nake ji. In na hango ta a kasuwa da buhu a ka, sai in sauya hanya.

Sai aka aiko cewa jami'ar tsafta za ta zagaya unguwanni ranar Asabar. Muka share ko'ina, muka yashe kwatoci. Abin da ya rage tulin buhunan Gwaggo ne, ga shi bayan gidan nata a bakin hanya yake.

Abokina na kwamiti ya ce, "Shugaba, wannan fa? In madam ta gani, mun faɗi."

Na ce, "Kayan Gwaggo ne."

Ya ce, "To, ai kai ne shugaba."

Gwaggo ta tafi suna Gushegu, sai Lahadi za ta dawo. Tana da waya, ban kira ta ba. Ranar Juma'a da safe muka loda buhunan a babur mai ƙafa uku, sawu uku, muka kai bayan gari. Ni da hannuna na ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya tashi, ina tari ina jin na yi wa unguwa aiki.

Asabar jami'ar ta zo, ta yaba shararmu. Sannan ta tsaya a gaban mutane ta ce, "Abin da ya kawo ni daban ne. Asambuli za ta yi wa masu tsintar roba rajista. Za a ba su safar hannu da wurin ajiya, a haɗa su da masu saye kai tsaye. Su ne ƙashin bayan tsarin nan. Akwai mai yi a unguwarku? Ku kai ni in ga kayansa."

Kowa ya juyo ya dube ni. In na ambaci Gwaggo, za a ce ina kayan. Sai na ce, "Babu, madam."

Ta rubuta a littafinta, ta wuce unguwa ta gaba.

Da Gwaggo ta dawo, mahaifiyata ta aika a kira ni. Na sami Gwaggo tsaye a filin da babu komai sai shatin buhu a ƙasa, ko gyale ba ta cire ba.

Ta ce, "Ɗana, ina kayana?"

Na ce, "Gwaggo, umarni ne daga sama."

Ta ce, "Gwiwoyina ne a cikin buhunan nan." Ta shige ɗaki. Mahaifiyata ta yi mako ba ta amsa gaisuwata ba.

Matan wasu unguwanni suka shiga rajista, har suka kafa ƙungiya. Zan iya zuwa ofis in gyara maganata, amma kullum sai in ce gobe. Gwaggo ba ta sake ɗaukar buhu ba. Kafin shekara ta koma Salaga wurin 'yarta, ni kuma na samu aiki a Bawku.

Sai da na shekara uku kafin na iya zuwa wurinta. Na durƙusa na faɗa mata komai, cewa babu wani umarni, ni ne.

Ta ce, "Na sani tun ranar. Maƙwabta ba su bari na kwana ban ji ba. Jira nake ka faɗa da bakinka." Ta gyara zama. "Ƙonawar na yafe tuni, yarinta ce. Amma ina raye, a gaban jama'a, ka ce babu ni. Wannan ta daɗe tana cina."

Ta sa aka kawo min tuwo da kifin garin Makango, ta zauna sai da na cinye, ta sa min albarka. Shekarar da ta biyo ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Ta yafe min, na sani. Ni ne dai har yau ban gama da kaina ba. Na yi ta bitar ranar Asabar ɗin nan, na ga tsoron jami'ar kaɗan ne a cikin abin da ya rufe min baki. Ban so a ce mai tsintar leda gwaggon shugaba ce ba, shi ke nan. Wannan kam ban faɗa mata a Salaga ba, kuma yanzu babu wanda zan faɗa wa sai ku.