Ni Na Karya Masa Yatsa, Na Ce Daga Dutse Ya Faɗo

Ni tsohon malamin firamare ne, yau na haura saba'in. Lokacin da abin nan ya faru ina saurayi, sabon fitowa daga kwalejin horon malamai, aka tura ni wata makarantar ƙauye cikin duwatsun ƙasar Roni. Ga sabon keke, ga agogo a hannu, ga girman kai kamar ni na ƙirƙiro boko. In na doso makaranta ɗalibai har maƙalewa suke a jikin bango, ni kuwa daɗi nake ji wai ana tsorona. Tir da wannan hali.

A aji uku akwai wani siririn yaro ɗan manomi, ba shi da yawan magana, amma kansa na ja ƙwarai. In an fita fareti da safe shi ke ba da hagu-dama, har 'yan aji shida muryarsa suke bi. Laifinsa ɗaya a wurina, bahago ne. Mu kuwa yadda aka rene mu, hagu hannun tsarki ne, ba a ci da shi, ba a miƙa wa babba abu da shi, balle a riƙe alƙalami. Ubansa da kansa ya roƙe ni in raba shi da wannan hannu ko ta halin ƙaƙa, na karɓi aikin kamar an naɗa ni sarauta. Na sha ɗaure masa hannun a ƙafar benci da igiyar rama, in sa 'yan aji su yi ta yi masa dariya. Da hannun dama rubutunsa kamar kaji sun yi tono, don haka da na juya baya sai ya mayar da fensir hagu.

Wata Talata na kama shi yana rubutu da hagun a ƙarƙashin benci. Raina ya ɓaci, na ce ya shimfiɗa hannun a kan tebur, na juya rular katako ta gefenta. A bugu na uku na ji ƙas. Ƙaramin yatsansa ya karye. Wallahi bai yi ihu ba, kallona kawai yake, hawaye na zuba. Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Ba yaron ba, aikina. Na ja shi waje na ce duk wanda ya tambaye shi ya ce daga dutsen bayan makaranta ya faɗo, wanda aka hana ɗalibai hawa, in ba haka ba in sa a kore shi. Ya gyaɗa kai. Na goya shi a keke zuwa wurin mai ɗori, daga nan na kai shi gida na karanta wa ubansa ƙaryar. A gabana mutumin nan ya zaro tsumagiya ya zane shi saboda hawan dutse, ga hannu a ɗaure da kara. Ni kuwa, munafuki, har ina cewa a yi masa haƙuri, yarinta ce. Uban ya yi ta godiya, ya ba ni ƙwan zabi cike da ƙwarya. Na karɓa, na kai gida aka soya mini.

Yatsan ya warke a karkace. Yaron ya ci jarrabawa ya tafi makarantar soja, na ji ma an ce saura kaɗan likitoci su mayar da shi saboda yatsan. Ya yi ta hawa har ya zama janar, ya ajiye kaki ya shiga siyasa, yau hotonsa na jikin kowace a-daidaita-sahu. Ni kuma da na yi ritaya na zauna a Kazaure, sai na buɗe baki a majalisa, wai ni na gina shi, wai dukana ne ya mayar da shi mutum. Har laƙabi aka sa mini, Malamin Janar, ina amsawa ba kunya ba tsoron Allah.

Bara janar ɗin ya zo gida ta'aziyya, na zura babbar riga na tafi a gan ni. Yana hango ni ya miƙe, ya rusuna, ya kira ni Malam, ya kama hannuna da hannu biyu. Sai na ji karkataccen yatsan nan a tafin hannuna. Na roƙi mu keɓe, na ce ya yafe mini. Ya ce yatsa kam ya yafe tun yana yaro, kuma har gobe da hagun yake sa hannu a takarda. Ya ce a ranar da abin ya faru ya gane babba zai iya yin ƙarya a kuma yi masa godiya, shi ya sa tunda ya sa kaki bai taɓa hukunta na ƙasa da shi ba sai ya ji ta bakinsa. Amma ya ce mahaifinsa har ya koma ga Allah yana ba da labarin taurin kansa da hawan dutse, shi kuwa bai taɓa musa masa ba, don ya yi wa malaminsa alkawari. Ya ce wannan maganar ba shi ya kamata in gaya wa ba, mai ita yana maƙabarta. Daga nan ya sa direba ya mayar da ni gida.

Tun daga ranar haushi nake ji, na kaina da na duk wanda ya taɓa tafa mini. Yaron nan ba ni na gina shi ba, Allah ne ya fisshe shi daga hannuna. Malamai da iyaye, ku ji tsoron Allah, hannun da Allah ya ba yaro ba laifinsa ba ne. In kuma kun cuci yaro, kada ku sa shi ya ɗauki ƙaryarku, ku faɗi gaskiya tun wanda za ku gaya wa yana numfashi. Kwanan nan na ga surukata ta make hannun jikata don ta ɗauki fensir da hagu, na daka mata tsawar da ta firgita gidan. Sun ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ba su san shekara hamsin ke nan ina jin ƙarar yatsan nan a kunnena ba.